Jamus ko Japan: Wace Amurka Za Ta Fara Fuskanta Bayan Zagayen Farko?

Wasan da ake magana a kai shi ne Axis & Allies, wasan allo na Yaƙin Duniya na Biyu wanda Larry Harris ya ƙirƙira, bugun 1942 na biyu da ya fito a 2012. Ƙasashe biyar ke wasa bi da bi: Rasha, Jamus, Ingila, Japan, sai Amurka ta rufe zagaye. Kowace ƙasa na karɓar kuɗin wasa da ake kira IPC gwargwadon darajar yankunan da ke hannunta. A farkon wasa Rasha na da 24, Jamus 41, Ingila 31, Japan 30, Amurka 42. Jimillar Ƙasashen Ƙawance, wato Rasha, Ingila da Amurka, 97 ke nan, ta Jamus da Japan 71. Wanda ya kalli waɗannan lambobi kaɗai zai ce an gama magana. Ba a gama ba, domin kuɗin Amurka yana bayan teku ne, na Jamus kuwa yana bakin daga.

Ga yadda allo yake a lamarin da za a duba. An kammala wasan ƙasashe huɗu a zagayen farko, layi ya zo kan Amurka.

Rasha ta ƙwace Yammacin Rasha ta tara dakarunta a can, ta sayi sojan ƙasa 8 da kuɗinta 24. Jamus ta nutsar da jiragen ruwan Ingila da ke kusa da Landan, ta shiga Kareliya, sannan ta kashe kuɗinta kaf a kan sojan ƙasa 11 da igwa 2. Sojan ƙasa IPC 3 ne, igwa 4, wato 33 da 8, 41 cif. Ba ta sayi jirgin ruwa ko na sama ko ɗaya ba. Ingila ta haɗa jiragenta na Indiya da na Ostireliya ta afka wa rundunar ruwan Japan da ke tsibiran Indiya ta Gabas, dayis ya ba ta sa'a, ta nutsar da ƙaton jirgin igwa ɗaya, da babban jirgi mai dakon jiragen sama, wanda za a riƙa kiransa uwar jirage, da jiragen saman yaƙi biyu da ke kansa. Japan ta rama ta share ragowar jiragen Ingila a wurin, amma hakan ya hana ta kai hari Hawai. Rundunar ruwan Amurka ta tekun Fasifik tana nan lafiya lau.

Asarar Japan a wannan karo ba ƙarama ba ce. Jirgin igwa 20, uwar jirage 14, jiragen sama biyu 20, jimilla 54, kusan kuɗin shigarta na zagaye biyu. Abin da ya rage mata na manya shi ne jirgin igwa ɗaya, uwar jirage ɗaya, jiragen saman yaƙi huɗu da mai jefa bom ɗaya. Amurka kuma tana da nata jirgin igwa, da uwar jirage, da jiragen rakiya biyu, da jirgin ƙarƙashin teku, duk a Fasifik. Yawancin masu riƙe da Amurka idan suka ga haka sai hannu ya fara ƙaiƙayi: ga Japan ta ji rauni, a ƙarasa ta.

Agogon Mosko

Tambayar farko ba wace abokiyar gaba ce ta fi rauni ba. Tambayar ita ce wace ce za ta iya kashe abokiyar ƙawance, kuma a zagaye na nawa.

Masana'anta ba ta fitar da kaya fiye da darajar yankin da take. Ta Jamus na fitar da 10, ta Italiya 3, shi ya sa sayen 13 ya cika mata ma'auni daidai. Rasha da 24 ba ta wuce sojan ƙasa 8. Rata ta mutum 5 ke nan a kowane zagaye, kuma ratar ƙaruwa take yi, domin duk yankin da Jamus ta ƙwace ana cire darajarsa daga aljihun Rasha a zuba a nata. Kareliya IPC 2 ce kawai, amma akwai masana'anta a cikinta mai fitar da kaya biyu, taki biyu daga Mosko, ga kuma birnin Leningrad.

Sojan ƙasa taki ɗaya yake yi a zagaye. Waɗanda Jamus ta saya a zagayen farko za su shiga Polan a na 2, Belorashiya a na 3, Yammacin Rasha a na 4, su buga ƙofar Mosko a na 5. Tankar yaƙi taki biyu take yi, don haka tankokin da aka saya a zagaye na 3 za su cim musu a daidai ranar harin. Ba lallai Mosko ta faɗi a zagaye na 5 ba, domin sojan ƙasa ya fi ƙarfi a tsaro: yana harbi da 1 idan shi ya kawo hari, da 2 idan shi ake kai wa, wato yana kisa idan dayis ya nuna wannan lambar ko ƙasa da ita. Goma da ke tsaro suna kashe kimanin 3 a kowace jefa, goma da ke kai hari ba tare da igwa ba ba su kai 2 ba. Wannan ne ke raya Rasha. To amma da zarar tarin Jamus ya zauna a Yammacin Rasha, yana kallon Mosko da Kokasus a lokaci guda, kuma Rasha ba ta iya tsare biyun. Za ta bar Kokasus. Daga nan Jamus ta samu ƙarin IPC 4 da masana'anta mai fitar da kaya 4 a jikin katangar Mosko, tafiyar zagaye huɗu ta koma ta zagaye ɗaya. Idan ba wanda ya janye hankalin Jamus, daga zagaye na 6 zuwa gaba Mosko a kan siraɗi take. Faɗuwarta na nufin Jamus ta kwashe duk kuɗin da ke hannun Rasha, ta ƙara 8 a kuɗin shiga, Rasha kuma ta daina karɓar ko sisi.

Sai a auna da Japan. Ko da rundunarta cikakkiya ce, sojanta sai an ɗauke shi a jirgin jigila an sauke a gaɓar Asiya, sannan ya taka ƙasar Sin ko Saberiya yanki bayan yanki. Abin da take iya yi da wuri shi ne cinye yankunan Sin huɗu masu IPC 1 kowanne, da gabashin Saberiya, da Bama, sannan ta matsa wa Indiya. Duka wannan zai kai kuɗinta wajen 40, kuma abin damuwa ne, amma ba ya kashe wata ƙasa a zagaye na 6. Yanzu da ta rasa rabin manyan jiragenta, faɗuwar Indiya ma ta ja baya, saboda jiragen saman da za su tallafa wa harin sun ragu da biyu, kuma dole ta ajiye abin da ya rage yana kallon jiragen Amurka.

A nan ne masu cewa a ƙarasa Japan suke karanta allon a juye. Nasarar Ingila ta rage tsadar ƙyale Japan ne. Lokaci ta sayo, kuma wurin da ake buƙatar lokacin nan shi ne Turai.

Me IPC 42 ke zama a kowane teku?

A Fasifik kuɗi jirgi yake zama. Uwar jirage 14, jiragen sama biyu 20, jirgin rakiya 8, 42 ta ƙare. An samu abubuwa huɗu da ba ɗayansu da zai iya kama ƙasa, domin ƙasa sai sojan ƙasa, igwa ko tanka. Japan kuma da 30 za ta iya sayen jiragen ƙarƙashin teku 5 a kan 6 kowanne, ko jiragen sama 3 da za su tashi daga tsibirai ba tare da buƙatar uwar jirage ba. Ita tana gida, kayanta na shiga faɗa a zagayen da ya biyo sayensu. Na Amurka sai sun yi tafiyar zagaye biyu ko fiye. Kafin Amurka ta samu rinjayen da za ta kusanci ruwan Japan ba tare da tsoro ba, sai ta zuba kuɗin zagaye biyu zuwa uku a ruwa.

Bayan haka me za ta ci? Tokiyo ba ta ciwuwa da sauƙi. Masana'antarta na fitar da 8, kuma IPC 24 sun isa a ɗora mata sojan ƙasa 8 a kowane zagaye. Mai kawo hari kuwa kowane jirgin jigila na 7 mutum biyu kawai yake ɗauka, soja ɗaya da wani abu ɗaya. Don a daidaita abin da Japan ke ƙarawa a zagaye guda ana buƙatar jiragen jigila 4 cike da kaya, 28 na jiragen, aƙalla 24 na mutanen. Saboda haka ainihin ganimar yaƙin Fasifik tsibiran kuɗi ne: Indiya ta Gabas 4, Borniyo 4, Filifin 3. IPC 11 ke nan da za su bar Japan su koma ɓangaren Ƙawance, tare da birnin Manila. Riba ce mai kyau. Matsalarta ɗaya: tana zuwa wajen zagaye na 5 ko na 6, kuma ba ta cire soja ko ɗaya daga tarin da ke Yammacin Rasha.

A Atilantika lissafin daban ne. Jamus ba ta sayi jirgin ruwa ba, don haka abin da ake tsoro jiragen samanta ne da 'yan jiragen ƙarƙashin tekun da suka rage. Rumfar tsaro guda ɗaya, wato jiragen yaƙi masu kare jiragen jigila, ta isa, daga nan kusan duk kuɗin Amurka mutane yake zama. Daga gabashin Amurka zuwa Maroko tafiya ɗaya ce. Yankunan Jamus da ke bakin ruwa kuma suna da yawa: Maroko, Aljeriya da Libiya 3, Norwe 2, Finlan 1, Arewa maso Yammacin Turai 2, Faransa 6. Jimilla 14, ta fi ta tsibiran Japan. Amma kuɗin ba shi ne babban abin ba. Rundunar jigila da ke tsaye kusa da Ingila tana barazana ga gaɓa uku ko huɗu a lokaci guda, Jamus kuma ba ta san inda za a sauka ba, dole ta bar masu gadi a Faransa, a Balin, a Italiya. Duk sojan da ya tsaya gadin Faransa ya fita daga lissafin Mosko. Idan daga cikin 13 na kowane zagaye aka tilasta mata barin 5 a yamma, ratar da ke tsakaninta da Rasha ta tafi.

Akwai kuma batun jerin wasa. Bayan Jamus ta yi wasa, Ingila, Amurka da Rasha duk suna yin nasu kafin layi ya dawo kanta, kuma dukansu uku suna da hannun da zai kai gare ta. Dakarun ƙasashe daban ba sa kai hari tare, amma suna tsaro tare. Jirgin sama ba ya sauka a yankin da ƙasarsa ta kama a wannan wasan, sai dai na abokiyar ƙawance da ke biye yana iya sauka. Ingila ta kama Faransa da mutum huɗu, Amurka ta biyo ta sauke mutum takwas da jiragen sama masu tsaro da 4, sai Jamus ta tarar da tarin da ba ta shirya masa ba. A Fasifik wannan haɗin baki ba ya samuwa sosai. Rasha ba ta da abin da za ta bayar a can, Ingila kuma masana'antarta ta Indiya 3 kawai take fitarwa.

Shugabannin yaƙin gaske ma a nan suka tsaya. Tun a Nuwamba 1940 Admiral Harold Stark, shugaban rundunar ruwan Amurka a lokacin, ya rubuta shawarar a fara da Jamus, aka amince da ita a tattaunawar hafsoshin Amurka da Ingila a farkon 1941, aka sake tabbatar da ita a taron Arcadia a Washinton daga Disamba 1941 zuwa Janairu 1942, makonni kaɗan bayan harin Pearl Harbor, lokacin da fushin jama'ar Amurka duk a kan Japan yake. Allon wasa ba tarihi ba ne, amma wanda ya zana taswirar ya bar dalilin a cikinta.

Yadda ake aiwatarwa

A zagayen farko Amurka ta sayi uwar jirage 14, jirgin rakiya 8, jiragen jigila biyu 14, sojan ƙasa biyu 6. An cika 42. Duk a ajiye su a gabashin Amurka. Ba sai an sayi jiragen sama ba, domin waɗanda take da su tun farko suna iya sauka a kan sabuwar uwar jirage. Matsakaicin jirgin yaƙin da ke kusa da Fanama shi ma ya nufi Atilantika.

Daga zagaye na 2 a daina lissafi da 42. Yankunan Sin za su tafi, kuɗin zai sauka wajen 38. Wannan adadi yana sayen soja 5 da igwa 5 a kan 35, kayan jiragen jigila 5. Haɗa soja da igwa yana da dalili: kowace igwa tana ɗaga harin soja ɗaya daga 1 zuwa 2, don haka kayan IPC 7 suna kawo maki 4, yayin da soja biyu na IPC 6 ke kawo maki 2 kacal. Tunda gurbin jirgi ne abu mai tsada, a cika shi da abin da ke da amfani. Idan hanyar ta zuwa da dawowa zagaye biyu ce, sai an yi ayari biyu na jirage biyar-biyar, ɗaya na saukewa ɗaya na komawa ɗauko wasu, kuɗinsu duka 70. Ba a sayen su rana ɗaya. Biyu a wannan zagaye, biyu a na gaba, kullum tare da mutanen da za su hau.

Ingila ta raba 31 ɗinta gida biyu. Uku na Indiya ba a fasa su, soja ko igwa, IPC 9 zuwa 12. Sauran a sayi jiragen saman yaƙi a Landan a tura su Rasha, inda kowanne ke tsaro da 4 a bayan sojan ƙasar Rasha. Kada Ingila ta sake gina jirgin ruwa sai rumfar Amurka ta iso, in ba haka ba jiragen saman Jamus za su nutsar da shi a zagayen da ya biyo.

Rundunar Amurka ta Fasifik kuwa a bar ta a dunƙule tsakanin Hawai da gaɓar yamma, ba a ƙara mata kuɗi, ba a kuma tura ta neman faɗa. Dalilin yana cikin dokar nasara. Biranen nasara 13 ne, Ƙawance na farawa da 7, ɗaya ɓangaren da 6. Jamus da Japan na cin wasa idan suna riƙe da 9 a ƙarshen wasan Amurka. Leningrad ta riga ta tafi, 7 ke nan. Kalkata ta Indiya ta zama ta 8, Honolulu ta Hawai ta 9. Ana iya rasa wasan gaba ɗaya Mosko na tsaye, kuma wannan ne ke kama waɗanda suka ɗauki fara wa da Jamus a matsayin mantawa da Japan. Da zarar Indiya ta fara tangal-tangal, a ƙirga jiragen jigilar Japan da ke iya isa Hawai a tafiya ɗaya, a tabbata akwai abin da zai tare su, ko aƙalla abin da zai ƙwato tsibirin a wasan Amurka kafin a ƙirga birane.

Inda ake ɓata shi

Kuskuren da ya fi yawa shi ne raba kuɗi, 21 nan 21 can. Taura biyu ba ta taunuwa. Rundunar Fasifik ba ta kai ta fita ba, ayarin Atilantika bai kai ya tsorata Jamus ba, an kashe kuɗin zagaye uku ba a canja komai a allo ba. Mai kama da shi shi ne sauya ra'ayi a tsakiya: a yi zagaye biyu ana gina jirage a yamma, a ga Kokasus ta faɗi, a juya su ta Fanama. Jiragen za su yi zagaye biyu ko uku a hanya ba sa yaƙi da kowa, daidai lokacin da Jamus ke buƙata.

Jirgin jigila ba shi da tsaro ko kaɗan. Idan aka bar shi ba rakiya, jirgi mai jefa bom ɗaya, mai tafiyar taki 6, zai share biyar ba tare da an jefa dayis ba, IPC 35 sun tafi a banza. Kafin a matsa da ayari a ƙirga duk jirgin saman Jamus da zai iya kaiwa ya kuma samu wurin sauka. Haka nan rumfar da ba jirgin rakiya a cikinta, jiragen samanta ba sa iya taɓa jirgin ƙarƙashin teku. IPC 8 ɗin nan ba kwalliya ba ce.

Sauka a Faransa da wuri shi ma yana da tarko. Mutum huɗu su kama ta, a karɓi 6, Jamus ta dawo da soja uku da jiragen sama ta share su. Idan ana yin haka da niyyar musayar yanki, ana sane da abin da ake asara, babu laifi, domin yana cin sojan Jamus. Amma zuba manyan kaya da ba za su iya riƙe wurin ba kyauta ce. A wannan allo ya fi kyau a fara da Norwe da Finlan. Jamus ba ta iya kai musu ɗauki cikin sauƙi ba tare da jiragen ruwa ba, sai dai ta hanyar Kareliya, kuma daga Finlan taki ɗaya ne zuwa Kareliya, wato a ƙwato Leningrad, a rufe masana'antar, a haɗu da Rasha a tsaro.

Harin bom kan masana'antu ba ya maye gurbin wannan. Jirgin 12 ne, bindigar kakkaɓo jirage na harbo shi sau ɗaya cikin shida, asarar IPC 2 ke nan a matsakaici a kowane fita, ɓarnar da yake yi kuma ba ta kai 3 ba. Ribar ƙasa da IPC 1 ba ta tsayar da tarin mutum talatin.

Abin da zai juya hukuncin

Da Jamus ta kashe kuɗin zagayen farko a ruwa, misali uwar jirage da jiragen jigila don tsorata Landan, da an rage wa gabas mutum bakwai ko takwas a ayarin farko, agogon Mosko ya ja baya, Atilantika kuma ta yi tsadar shiga. Idan aka haɗa wannan da asarar 54 da Japan ta yi, kuma Rasha ta fita daga faɗan farko da yawancin tankokinta da jiragen samanta biyu, to fara wa da Japan ya zama zaɓi na hankali. A nan sai Amurka ta zuba komai a gaɓar yamma, jiragen ƙarƙashin teku da uwar jirage a zagaye biyun farko, jiragen jigila biyu kawai don tsince tsibirai, ta nufi kudu wajen Borniyo da Indiya ta Gabas maimakon Tokiyo, ta gina masana'anta ta 15 a ɗaya daga cikin tsibiran masu daraja 4. Ingila kuma ta ɗauki nauyin Mosko ita kaɗai da jiragen sama.

A allon da ke gabanmu sharaɗi ɗaya ne kawai ya cika. Japan ta ji rauni, amma Jamus ta sayi mutum 13 da za su kama hanyar gabas, kuma Kareliya na hannunta. Sayen Amurka na zagayen farko a gabashinta za a ajiye shi.